SHIRIN YAU: Kullum kana gudu amma tumbin na nan? Matsalar dogaro da kadiyo wajen rage kitse da gina tsoka

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin na wannan makon ga waɗanda data ba ta kai su saurara ba, ko waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Abin da ya jawo maganar yau saƙo ne da wani ɗan'uwa ya turo min. Ya ce wata huɗu ke nan yana fita gudu da asuba, kwana biyar a sati. A watan farko ya sauke kilo biyu, ya yi ta murna. Daga nan sikeli ya tsaya cak. Yanzu fuskarsa ta rame, damatsansa sun sirance, gwiwa ta fara ciwo, amma tumbin na nan yadda yake. Tambayarsa ita ce, ya ƙara nisan gudun ne ko ya haƙura?

To ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne. Kuma amsar ba ƙarin gudu ba ce, ba kuma haƙura ba ce.

Bari in fara da wanke kaina, don na san wasu kan karanta kanun magana kawai su wuce. Ban ce kadiyo ba shi da amfani ba. Idan na ce kadiyo, ina nufin duk motsa jikin da ke sa zuciya bugawa da sauri na tsawon lokaci, kamar gudu, sassarfa, tuƙa keke, ninƙaya, tsallen igiya, ko injin gudu na jim. Wannan magani ne ga zuciya da huhu, yana taimakawa wajen hawan jini da ciwon suga, yana gyara barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya riƙa samun minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati. Wannan babu musu. Abin da nake cewa shi ne, idan burinka kitse ya tafi tsoka ta fito, sai ka ɗora wa kadiyo aikin duka, ka ba shi kayan da ba zai iya ɗauka ba. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: lissafin ba ya kai yadda muke zato

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Shi kuma gudu, a ƙiyasi, yana ƙona kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita. Wato idan nauyinka kilo 70 ne ka yi gudun kilomita 5, ka ƙona kalori wajen 350. Raba 7,700 da 350, za ka samu 22. Kun gane? Sai ka fita sau 22, ka yi kilomita 110, fiye da gudun fanfalaki biyu da rabi, kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi. Shi ma da sharaɗin ba ka ƙara ko loma ɗaya a kan abincin da ka saba ci ba.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Robar lemon kwalba mai rabin lita tana da kalori wajen 200. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori wajen 120 ne. Gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550. Ka dawo daga gudu, ka tsaya wajen mai shayi, ya haɗa maka kauri da madara da suga, ga burodi da wainar ƙwai tana ninƙaya a mai. Wallahi cikin minti goma ka mayar da abin da ka yi minti arba'in kana fitarwa, har da riba.

Sannan kada ka yarda da lambar da agogon hannu ko injin gudu ke nuna maka. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agoguna guda bakwai a jikin mutum 60. Wajen ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari. Amma wajen ƙirga kalori, wanda ya fi kowa daidai ya yi kuskuren kashi 27 cikin ɗari, mafi muninsu kuwa kashi 93. Idan agogo ya ce ka ƙona 600, kai kuma ka je ka ci abinci da wannan lissafin, ka cuci kanka.

Na biyu: jikinka yana rama abin da ka kashe

Wannan shi ne wanda ya fi ba ni mamaki ranar da na fara karanta shi. Muna ɗauka jiki kamar janareta ne, ka ƙara masa aiki ya ƙara shan mai daidai gwargwado. Ashe ba haka ba ne. Jiki ya fi kama da maigida mai tsantseni, idan kuɗi suka fita ta wani gefe sai ya matse ta wani gefen.

Akwai wani masani Ba'amurke, Herman Pontzer, wanda yanzu yake Jami'ar Duke. Ya je arewacin Tanzaniya wajen al'ummar Hadza, mutanen da ke rayuwa da farauta da tonon saiwa da neman zuma. Mazansu kan yi tafiyar kilomita wajen 11 a rana. Kowa zai ce ai waɗannan sun ninka ma'aikacin ofis wajen ƙona kalori. Da aka auna, a sakamakon da ya fito a 2012, sai aka ga idan an yi la'akari da girman jiki, abin da Bahadze ke ƙonawa a rana kusan ɗaya ne da na mutumin Amurka ko Turai. Jikinsu ya saba da wahalar, ya rage kashewa a wasu ayyukan na ciki.

A 2021 wani babban nazari da ya duba bayanan mutum sama da 1,700 ya sa wa abin lamba. A matsakaici, kashi 28 cikin ɗari na kalorin da mutum ya ƙona ta motsi, jiki na rama shi ta hanyar rage abin da yake kashewa a lokacin hutu. Wato 350 ɗin nan taka ta koma wajen 250. Abin takaicin ma, ga masu ƙiba sosai ramawar ta kai kusan rabi. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman abin, amma cewa jiki na ramawa, wannan an gan shi sau da yawa.

Bayan wannan akwai ramawar da kai da kanka kake yi ba ka sani ba. Ranar da ka yi dogon gudu, ka lura da kanka. Inda ka saba takawa sai ka hau abin hawa. Aiken da ka saba zuwa sai ka tura yaro. Ka yini a kwance kana danna waya, kana ce wa ranka ai na yi motsa jiki yau. Ga yunwa, ga kuma wannan tunanin na "na cancanta", wanda ke sa a ƙara maka tuwo ba ka ce a'a ba.

An gwada wannan ma. A wani bincike da aka fitar a 2009 a Amurka, an raba mata sama da 400 masu ƙiba, waɗanda suka wuce shekarun al'ada, zuwa rukuni-rukuni na tsawon wata shida. Wasu na yin kadiyo wajen minti 70 a sati, wasu wajen minti 135, wasu kuma sama da awa uku. Masu awa ukun nan, da lissafi ya ce za su fi kowa ramewa, kilo ɗaya da rabi kawai suka sauke, kusan rabin abin da aka yi hasashe. Ba su ma kai na rukunin tsakiya ba. Don haka ɗan'uwa mai tambaya, ka ga dalilin da ya sa ban ce ka ƙara nisa ba.

Na uku: zufa ba kitse ba ce

A nan dole in ɗan tsaya, don abin na damuna. Za ka ga matashi cikin zafin watan Afrilu ya saka rigar leda ko jaket mai kauri yana gudu, wai don kitse ya narke ya fito. Ya dawo ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ya tafi, ya ce aiki na kyau. Malam, ruwa ne ya fita. Ka sha ruwa lita ɗaya kilon ya dawo.

Kitse ba ta fata yake fita ba. Mafi yawansa ta numfashi yake fita. Wani lissafi da aka buga a mujallar likitoci ta Birtaniya a 2014 ya nuna cewa idan kilo 10 na kitse ya ƙone, kilo 8.4 na fita ne ta huhu a matsayin iskar da muke fitarwa, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa. Abin da rigar leda ke ƙara maka shi ne ƙarancin ruwa a jiki, jiri, wahalar da ƙoda, da haɗarin faɗuwa saboda zafi. Don Allah a daina.

Na huɗu: sikeli na sauka, amma me ke tafiya?

Nauyi daban, kitse daban. Duk lokacin da mutum ya rage cin abinci ya fara ramewa, ba kitse zalla yake saukewa ba. A ƙiyasin da aka saba yi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tafi ba kitse ba ne, a ciki har da tsoka. Jiki ba ya riƙe abin da ba a amfani da shi. Idan kana cikin ƙarancin abinci, kuma duk abin da kake nema daga jikinka shi ne ya ɗauke ka kilomita biyar a hankali, ba ka ba shi dalilin riƙe tsokar ƙirji da baya da damtse ba.

Wani bincike da ya fito a 2017 ya nuna wannan ƙarara. An ɗauki dattawa 160 masu ƙiba. Waɗanda aka sa wa tsarin rage abinci an raba su uku: masu kadiyo, masu ɗaga ƙarfe, da masu haɗa biyun. Bayan wata shida duka rukunin ukun sun sauke kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinsu. A sikeli kunnen doki ke nan. Amma da aka duba ciki, masu kadiyo zalla sun rasa wajen kashi 5 cikin ɗari na naman jikinsu wanda ba kitse ba, masu ƙarfe kashi 2 kawai, masu haɗawa kashi 3. Dattawa ne, na sani, ba matasa irinku ba, amma darasin ya shafe mu.

Wannan shi ne abin da ya faru da mai tambayarmu. Ya ƙanƙance, amma surar jikinsa ba ta canza ba. Hannu siriri, ƙafa siririya, ciki a gaba. Kuma ɗan ƙaramin jiki abinci kaɗan yake buƙata, don haka ranar da ya gaji ya ajiye takalmin gudu ya koma cin da ya saba, nauyin zai dawo, kuma mafi yawan abin da zai dawo kitse ne.

Amma fa kada in yi muku ƙarya irin ta 'yan talla. Za ku ji ana cewa tsoka na ƙona ɗaruruwan kalori kana kwance. Ba haka ba ne. Kilo ɗaya na tsoka wajen kalori 13 yake ƙonawa a rana idan ana hutawa, na kitse kuma wajen 4 zuwa 5. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Amfanin tsoka shi ne ƙarfi, sura, kare gaɓoɓi, da taimaka wa jiki sarrafa suga.

Na biyar: idan gina tsoka kake so, yawan gudu na iya taka maka birki

Yanzu ga 'yan jim. A shekarar 1980 wani masani mai suna Robert Hickson ya fitar da binciken da har yau ake kafa hujja da shi. Ya raba mutane uku na tsawon sati goma: masu ɗaga ƙarfe kwana biyar a sati, masu gudu da keke kwana shida a sati, da masu haɗa duka biyun. A sati bakwai na farko masu haɗawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da masu ƙarfe zalla. Daga nan ƙarfinsu ya tsaya, a sati biyun ƙarshe ma ya fara komawa baya. Da aka kammala, ƙarfin ƙafar masu ƙarfe zalla ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, na masu haɗawa kashi 25.

Me ke jawo haka? Abu na farko gajiya ce. Ƙafar da ta sha kilomita takwas da safe ba za ta ɗaga nauyin kirki da yamma ba, kuma tsoka sai an matsa mata take girma. Na biyu abinci: gina tsoka na son kalori da furotin, dogon kadiyo na cinye kalorin. Na uku hutu, don tsoka ba a jim take girma ba, sai lokacin da kake hutawa da barci. Akwai kuma bayanin da masana ke yi cewa saƙon da dogon motsi ke aika wa ƙwayoyin tsoka, na tattalin makamashi, yana iya danne saƙon da ƙarfe ke aikawa na ginuwa.

A 2012 an tattara bincike 21 a kan wannan batu, aka ga abubuwa biyu masu amfani gare mu. Gudu ya fi keke hana tsoka ci gaba, kuma iya yawan kwanakin kadiyo da tsawonsa, iya girman matsalar. Dalilin da ake bayarwa shi ne, a gudu kowane taku dukan ƙasa ne da ke wahalar da tsoka, keke kuwa babu wannan.

Adalci kuma shi ne in faɗa muku ɗaya gefen. Abin da Hickson ya sa mutanensa yi ya yi tsanani, yawancinmu ba ma yin rabinsa. Wani nazari na baya-bayan nan da ya tattara bincike 43 ya gano cewa matsakaicin kadiyo ba ya hana tsoka girma ko ƙarfi ƙaruwa. Abin da ya fi taɓawa shi ne ƙarfin zabura, irin na tsalle da fizga, musamman idan an haɗa su a zama ɗaya. Don haka wanda ya ce maka tafiyar minti ashirin za ta cinye maka ƙwanji, shi ma ya wuce gona da iri. Matsalar tana ga yawa.

Na shida: gwiwa da ƙwauri

A kowane taku na gudu, ƙafarka na karɓar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku. Mai kilo 100 da bai taɓa motsa jiki ba, ya tashi rana ɗaya ya hau kwalta da takalmin da bai dace ba, kwana shida a sati, me kuke zato? Zuciya da huhu kan saba cikin makonni, amma jijiyoyi da ƙashi sun fi ɗaukar lokaci. Shi ya sa za ka ji numfashinka ya gyaru, ka ƙara nisa, sai ƙwauri ko gwiwa ko diddige ya kama. Daga nan sai zaman wata guda, kuma wanda duk shirinsa gudu ne, idan ƙafa ta tsaya komai ya tsaya. Gudu a kansa ba ya lalata gwiwar mai lafiya. Gaggawa ce ke lalata ta.

To mene ne mafita?

Ku canza jerin. Abinci a gaba, ƙarfe na biye, kadiyo na uku.

Abinci shi ke rage kitse. Rage kalori 300 zuwa 500 a rana daga faranti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙona su a titi. Fara da abin sha mai suga, sai man da ake zubawa a abinci, sai soye-soyen tsakanin abinci. Ba sai ka daina cin tuwo ko shinkafa ba, rage malmalar, ka ƙara ganye da abin gina jiki. Furotin kuwa, nemi wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinka. Mai kilo 70 wajen giram 110 ke nan a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka ƙwai kaɗai ba zai kai ka ba, sai ka haɗa da wake, awara, kifi, nono, nama idan an samu. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai ya ga likita.

Ƙarfe shi ke gaya wa jiki ya riƙe tsoka. Kwana biyu zuwa huɗu a sati ya isa, ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kwana biyu. Ka riƙe manyan motsi: tsugunno da nauyi, ɗaga nauyi daga ƙasa, tura nauyi daga ƙirji, jan jiki sama. Babu kuɗin jim? Nauyin jikinka, jarkar ruwa, jakar baya da aka cika da yashi, duk suna aiki. Sharaɗin kawai ka riƙa ƙara nauyi ko yawan ɗagawa a hankali. 'Yan'uwa mata, wannan har da ku. Ƙarfe ba zai mayar da ke namiji ba, sinadarin da ke sa maza tara tsoka mai yawa kaɗan ne a jikinki. Abin da za ki samu shi ne jiki mai tsari da ƙashi mai ƙwari.

Kadiyo kuma ka bar shi a matsayinsa na mai kula da zuciya. Tafiya da sauri minti talatin yawancin kwanaki, ko keke sau biyu zuwa uku a sati. Tafiya ba ta gajiyar da kai yadda za ta ɓata maka ɗaga ƙarfe, kuma gwiwa na lafiya. Idan kana son gudu, yi abinka, amma ka raba shi da ranar da kake aikin ƙafa, ko ka sa awanni tsakaninsu. Idan dole a zama ɗaya za ka yi, fara da ƙarfe ka ƙare da kadiyo.

Sannan ka daina bauta wa sikeli. Samu tef ɗin tela ka riƙa auna ƙugunka daidai cibiya sau ɗaya a sati, da safe kafin ka ci komai. Idan ƙugu na raguwa, nauyin da kake ɗagawa na ƙaruwa, kana kan hanya ko da sikeli bai motsa ba. Ka kuma yi barci, awa bakwai zuwa sama, don rashin barci na ƙara yunwa.

Ga ɗan'uwa mai tambaya, shawarata: huta wa gwiwar nan, idan ciwon bai lafa ba ko ta kumbura ka je asibiti. Mayar da gudun kwana biyar zuwa biyu, sa ƙarfe kwana uku, ka rubuta duk abin da ka ci na sati ɗaya ba tare da ɓoye wa kanka komai ba. Ka ba shi wata uku ka dawo ka ba mu labari. Wanda kuma yake da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga, ya fara ganin likita kafin ya soma kowane sabon tsari.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana, wata nawa kuka yi kuna kadiyo, kuma me kuka gani a jikinku? Wanda yake da aboki mai gudu da rigar leda, ya tura masa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.